Alhaji Yana Son Ƙaho

Sallama gare ku jama'ar wannan zaure. Rilwanu ne, wanzamin nan na Gwandu. Ku yi haƙuri da jinkirina, aska ce ta saba da hannuna, waya kuwa sai na lallaɓa ta. Wata baiwar Allah ta rubuto a ƙasan kashin da ya wuce wai namiji ba ya kishi, fushi kawai yake yi. Hajiya, ki gyara zama ki karanta wannan tukuna.

Saboda waɗanda suka shigo yau, yarinyar da nake so sunanta Halimatusa'adiya, a gida Sa'adiya ake ce mata. 'Yar Alhaji Yusufu ce, mai noman shinkafa da albasa a fadamar hanyar Kambaza. Mahaifina, marigayi Bawa Wanzam, shi ya yi mata askin suna, kuma shi ke aske Alhaji tun yana saurayi. Da ya rasu zabirarsa ta dawo kafaɗata, kan Alhaji ma ya dawo hannuna. Duk Juma'a da hantsi ina zaurensu. Ita ke kawo ruwan ɗumi. Tun tana ajiyewa ta juya, har ta fara tsayawa ta tambaye ni ko ruwan ya yi zafi da yawa. Daga nan ne. Alhaji ya sani, bai hana ba, bai kuma ce in turo magabatana ba. A haka muke.

Bara da kaka Alhaji ya fara jin nauyi a ƙirji. Daga masallaci zuwa gida sai ya tsaya ya dafa bango, ya ce kamar an aza masa buhun shinkafa. Na yi masa ƙaho a kafaɗu, ya ce ya ji dama, ba a jima ba abin ya dawo. A Birnin Kebbi suka ce jijiyar da ke kai wa zuciyarsa jini ce ta ƙuntace, sai an tafi Abuja.

A nan Muzzammil ya shigo rayuwata.

Ɗan Goggo Ladi ne, ƙanwar Alhaji da ke aure a Kalgo. Ma'aikacin jinya ne, kuma cikin ikon Allah a sashen da ake wannan aikin zuciyar yake. Shi ya tarbe su, shi ya yi ta kai da komo, shi ya rako su har gida.

Duk unguwa mun ɗauka za a dawo da Alhaji da ƙirji a ɗinke. Sai ga shi ya fito daga mota da ƙafarsa, ba komai a jikinsa sai ɗan tabo a wuyan hannun dama, bai kai ƙwayar wake ba. Zaure ya cika da 'yan gaisuwa. Ina gefe a kan tabarma, Muzzammil yana kan kujera kusa da Alhaji, cikin farar shadda mai aikin ruwan toka, agogo na walƙiya, turarensa ya danne warin albasar da ke jibge a lungu.

"Ku dai kun san tiyon ban-ruwa," in ji shi. "In laka ta taru a ciki, ruwa ba ya isa gona. To haka jijiyar Kawu ta yi. Ta nan wuyan hannu aka zura wata siririyar roba, ta bi jijiya har bakin zuciya, likita yana kallon komai a allo. Da aka isa wurin da ya matse, aka hura ɗan balan-balan ya buɗe shi, aka bar wani ɗan ƙarfe mai kama da raga ya tokare wurin kada ya sake rufewa."

"Idona biyu!" Alhaji ya ɗaga hannun kowa ya gani. "Wallahi idona biyu. Yaron ga shina tsaye bisa kaina, shina ce min, Kawu ja numfashi, Kawu riƙe. Hannun yaron ga albarka garai."

Jama'a suka ɗauki salati da sa albarka. Ni ma na ce amin. A raina kuwa na ce, ni da nake riƙe da kan nan duk mako, aska a kan maƙogwaro, ban taɓa jin an ce hannuna albarka gare shi ba. Astagfirullah. Amma na faɗa muku ba zan ɓoye komai ba.

Ana haka Sa'adiya ta shigo da tire. Atamfa ce a jikinta shuɗiya mai zanen ganye, da mayafi ruwan zuma wanda ban taɓa gani ba. Daga baya na ji tsarabar Abuja ce. Ba sai na faɗa muku wanda ya saya ba.

"Matata," in ji Muzzammil, "sai yanzu ake kawo wa miji ruwa?"

"Allah Ya sawwaƙe," ta ce. "Wa zai auri bawan gidansu? Tashi ma ka karɓi tiren."

"Kawu, ka ji ta ko? Na fasa, a ba ni wata."

Zaure ya kwashe da dariya. Taubasai ne, ɗan mace da 'yar namiji, wasansu ne na gado, ba mai cewa don me. Ni ma na buɗe haƙora. Kofin da ta miƙo mini har na mayar ban san zoɓo ne a ciki ko kunun aya ba.

Da na koma gida Innata tana tankaɗe a tsakar gida. Kallo ɗaya ta yi mini.

"Mi ya same ka?"

"Ba komai, Inna. Wasan taubasai ne aka yi a gidan Alhaji."

"Uhm." Ta ci gaba da buga rariya. "Ni da ubanka ma da wanga wasa muka fara."

Inna ke nan. In za ta ba ka magani sai ta haɗa da barkono.

Muzzammil ya koma Abuja, amma bai bar gidan ba. Ya dawo cikin wayar Sa'adiya. An ɗora wa Alhaji magunguna, a ciki akwai wasu ƙanana iri biyu masu hana jini daskarewa, ita aka damƙa wa ba shi. To safe da yamma sai saƙo ya shigo. Wata rana bayan la'asar muna tsaye a ƙofar zaure, ina ba ta labarin wani Bafulatani da ya yi barci ina cikin yi masa aski, wayar ta yi ƙara. Ta duba, ta yi murmushi. Ba irin murmushin labarina ba.

"Shi ne?"

"Waye shi?"

"Kin sani."

Ta juyo mini da fuskar wayar. *Matata, Kawu ya sha?* Har da hoton ƙwayar magani da na zuciya ja.

"Zuciyar ta mece ce?"

"Ta Baba ce mana. Ba ita aka gyara ba?" Ta karkata kai tana kallona. "Rilwanu, kishi kake yi?"

"Ni? Me zan yi wa kishi?"

"To ka saki bakin zabirar, za ka tsinke igiyar."

Na duba, ashe na naɗe igiyar a yatsa har ya yi fari. Ta yi dariya har da dafa bango. Sannan ta ce in saurara in ji irin hirar da suke yi, ta kunna mini saƙon muryarsa. Muryar nan tasa mai sanyi, ta mutanen da suka daɗe a aji: "Matata, ki kula da ƙananan nan biyu. Ko me aka ce masa, ko wa ya faɗa, kada ya tsallake su sai likita ya ce." Ta ce, "Ka ji? Magani ne kawai." Na ce na ji. Gaskiya kalmar farko ce ta tsaya mini a kunne, sauran suka wuce kamar iska.

Juma'ar da ta wuce ina yi wa Alhaji aski, aska ta ɗan taɓa wani ƙurji a bayan kunnensa. Abin da kullum in na danna auduga sau ɗaya ya wuce. Ranar na danna, na ɗaga, jini. Na sake, jini. Sai da na canza auduga na riƙe har hannuna ya gaji kafin ya tsaya.

Alhaji ya naɗe hannun rigarsa. "Duba nan, ɗan Bawa."

Damtsensa duk tabo ne, wani baƙi, wani shuɗi-shuɗi, kamar wanda aka tsunkula.

"Ko ƙofa na goga sai shi fito. Kai ɗan gado ne, hwaɗa min, mi ne ne wanga in ba mataccen jini ba? Sun buɗe hanya, awo, na gode musu. Amma dattin da ya taru wa ya kwashe shi? Jikina ƙaho shika so."

"Baba Alhaji, ka ga yadda ɗan ƙurji ya yi. In na yi tsaga a bayanka, ban san yadda zan tsayar da shi ba."

Ya gyaɗa kai. Na ɗauka maganar ta mutu.

Ranar Talata da hantsi ya kira ni a waya da kansa, ya ce in zo da ƙahoni. Na tarar da gidan tsit. Matan duk sun tafi biki Malisa, har da Sa'adiya. Alhaji yana ɗakinsa na zaure a kan darduma, daga shi sai 'yar shara, ya tura ƙofa.

"Na warware matsalarka," ya ce, yana murmushi kamar yaron da ya ɓoye rake.

Ya ɗauko hularsa, ya buɗe naɗin cikinta. Ƙwayoyi ne ƙanana a jere, wasu farare, wasu ruwan hoda.

"Su ne masu tsinka jinin. Tun ranar da ka yi min aski na aje su. In ɗiyata ta ba ni, in sa a baki, in ta juya in tohe. Yanzu jinin ya koma daidai, sai ka yi aikinka. In an gama in ci gaba da sha, kowa ya huta."

"Baba Alhaji…"

"Tsaya, ban ƙare ba. Wagga magana daga ni sai kai. Ba ɗiyata, ba Muzzammilu. Yaron kirki ne, amma su 'yan asibiti ba su san jiki ba sai allo." Ya gyara zama. "Kuma Ladi ta zo min da maganar ɗanta kan Sa'adiya. Ban ba ta amsa ba. Ubanka bai taɓa tona min asiri ba har ya koma ga Allah. In kai ma haka kake, in mun ƙare ka hwaɗa ma kawunnanka su zo."

Jama'a, ku sa kanku a wurina. Maganar da na yi shekaru ina jira, ga ta an ajiye mini a kan darduma. Kuma ba ita kaɗai ba. Wani abu a ƙirjina yana ce mini, yau Alhaji ya zaɓi hannunka a kan na mai farar shadda. Gobe a zaure sunanka za a kira. Daɗin da na ji, wallahi har kunya nake ji in rubuta.

Na buɗe zabira. Na jera ƙahoni a kan tsumma. Alhaji ya cire 'yar shara ya juya mini baya, ya dafa gwiwoyi. Na shafa ruwa a kafaɗarsa, na ɗauki 'yar askar tsaga. Hannunsa na dama yana kan gwiwa, ɗan tabon nan yana kallona.

Ni ban san abin da ke cikin zuciya ba. Ban taɓa ganin ƙarfen ba, ban san yadda yake zaune ba. Abin da na sani, ta wannan ɗan tabon an sa wa mutumin nan wani abu da ba ya cikin abin da ubana ya koya mini. Sai sauran saƙon nan da na ce ya wuce kamar iska ya dawo. Ko me aka ce masa. Ko wa ya faɗa.

"Mi kake jira?"

"Ruwan ya huce, Baba Alhaji. Bari in ɗumo wani."

Na fita bayan gida, ƙarƙashin dogon yaro. Na kira Sa'adiya, tana ta ƙara ba a ɗauka, na san kiɗan biki ya danne. Na sake, shiru. Saura mutum ɗaya.

Kada ku tambaye ni yadda aka yi nake da lambarsa. Ina da ita. Na ajiye ta da sunan "Na Kalgo", ina leƙa hoton da yake sawa, in ga ko ya canza shadda. Ban taɓa zaton zan danna ta ba. Na tsaya ina kallonta, ina cewa a raina, in ka kira shi ka miƙa masa Alhaji, ka miƙa masa yarinyar, ka haɗa da kanka. Wata akuya tana gefe tana cin ɓawon albasa, ita ba ruwanta.

Na danna.

"Salamu alaikum, wa ke magana?"

"Rilwanu ne. Wanzamin Alhaji."

"A'a, sarkin aska! Kishiyata da kansa? Lafiya dai?"

Ashe ya sani. Na haɗiye wannan, na faɗa masa komai, hular, ƙwayoyin, ƙahon. Ina magana ina jin dariyar tana zubewa daga muryarsa.

"Tun yaushe?"

"Tun Juma'a."

"Innalillahi. Yana jin ciwo a ƙirji? Zufa? Numfashi fa?"

"Ban ga alama ba. Yana zaune yana jirana."

"Ka tsaga shi?"

"A'a."

"Alhamdulillahi. Rilwanu, ka ji ni da kyau. Tabon jikinsa aikin maganin ne, ba mataccen jini ba ne. Ƙarfen nan bai gama zama ɗan gida ba. In babu ƙwayoyin nan jini zai iya daskarewa a kansa ya toshe hanyar gaba ɗaya, lokaci guda, yana zaune. Ina Kalgo, na zo hutu. Zan kira likitan da ya yi masa aikin yanzu, in taso. Amma kafin nan ka kai masa wayar."

"In kai masa?"

"Ba zai ji daga bakinka ba. Kai masa."

Daga dogon yaro zuwa ɗakin Alhaji ba nisa, amma ban taɓa tafiya mai nauyinta ba. Na tura ƙofa. Ya waiwayo, bai ga ruwa a hannuna ba, ya ga waya.

"Muzzammil ne, Baba Alhaji."

Kallona ya yi, irin kallon da ake yi wa katangar da aka jingina da ita ta zame. Ya karɓa. Ina jin muryar tana fita ƙasa-ƙasa, Kawu don Allah, Kawu don girman Allah. Alhaji sai "uhm" yake cewa. Can aka haɗa shi da likitan, ya saurara, ya ce to. Ya ajiye wayar a kan darduma, ba a hannuna ba. Ya buɗe hular, ya zaɓi abin da aka ce ya sha, ya kora da ruwan buta. Ya mayar da rigarsa.

"Kwashe kayanka," ya ce.

Na kwashe. Ban tafi ba, na zauna a dakalin waje, in leƙa in ga yana zaune, in dawo.

Kafin azahar motar Muzzammil ta tsaya a ƙofar gida. Ko shaddar bai sa ba, riga ce 'yar kanti da silifa, ya wuce ni da gudu. Ba a daɗe ba mashin ya sauke Sa'adiya da mahaifiyarta, ashe Muzzammil ya same su ta wayar wata mata. Leshi ne a jikin Sa'adiya ruwan goro, lalle ya kama hannunta har wuyan hannu, kwalli ya zubo mata a kumatu. Ta dube ni za ta yi magana, aka kira ta daga ciki.

Likita ya ce a kai Alhaji Birnin Kebbi a duba zuciyar a tabbatar. Suka fito da shi yana tafiya da kansa, yana ture hannun masu riƙe shi. Shi da Hajiya matarsa suka shiga baya. Sa'adiya ta shiga gaba.

Gaba, jama'a. Kusa da direba.

Muzzammil ya zagayo ya kama hannuna da nasa biyu.

"Ɗan'uwa, yau ka yi abin da ni ban isa in yi ba daga inda nake. Allah Ya biya ka."

Na so a ce ya yi mini girman kai, ko ya yi mini kallon banza, in samu abin riƙewa. Bai yi ba. Idonsa ma ja ne. Mutumin nan ko ƙin sa ba ya barin ka ka yi cikin kwanciyar hankali.

Gilashin baya ya sauka. Na matsa na durƙusa.

"Allah Ya ƙara sauƙi, Baba Alhaji."

Bai dube ni ba, gaba yake kallo.

"Ka hwaɗa ma kawunnanka su dakata."

Gilashi ya hau. Motar ta bi kwana, ina hango mayafinta ta tagar gaba har suka ɓace.

Ban iya komawa gida ba, don na san Inna za ta karanta fuskata. Na koma ƙarƙashin dogon yaron na zauna a kan saiwa. Na buɗe wayata, na nemo sunan Sa'adiya, na danna wurin saƙon murya, na fara magana. Ni da ba ni da yawan magana, ranar bakina ya ɓalle. Na ce mata Baba ya ce a dakata. Na ce mata Goggo Ladi ta riga ta kai maganar ɗanta. Na ce na tsani mayafin nan ruwan zuma tun ranar da na fara ganinsa, na tsani kalmar da yake kiranta da ita, na tsani yadda take murmushi in saƙonsa ya shigo. Na ce na san ya fi ni karatu, ya fi ni sutura, yau kuma na gane ya fi ni hali. Na ce in shi take so ta faɗa mini da bakinta, kada in ji a zaure ina riƙe da kan wani. Ban goge ba. Na tura.

Yana tafiya, nata yana shigowa. Rubutu ne, gajere, da alama cikin sauri ta yi shi:

*Ka kyauta Rilwanu, ba zan manta ba. Kada ka turo komai yanzu, wayar Yaya Muzzammil ta mutu, ya haɗa tawa da rediyon mota saboda kiran likita.*

Na karanta a hankali yadda na saba, ina bin kalma ɗaya bayan ɗaya. Kafin in kai ƙarshe in koma kan nawa in nemi wurin gogewa, 'yan layukan nan biyu na ƙasan saƙona sun riga sun zama shuɗi, alamar an kunna shi a motar.